Jarumin Yayana a Bakin Gada

Abu biyu Yaya ya dawo da su daga Jidda: ciwon ƙoda da kwamfuta. Ciwon ba mu gan shi ba sai da ya cire takalmi, muka ga ƙafafunsa sun kumbura sun yi sulɓi. Kwamfutar kuwa a bargo aka naɗo ta, mutum biyu suka sauko da ita daga kan mota suna nishi. Inna ta ɗauka keken ɗinki ne, har ta fara murna. Da aka kwance bargon ta ga gilashi da wayoyi, sai ta ce Allah ya sa alheri, ta koma wurin tuyar kisrarta, wainarmu ta dawa.

Ƙauyenmu na Hausawa ne, tsakanin Sinnar da Wad Madani, a gefen babbar tur'a mai kawo ruwa daga dam zuwa gonakin Jazira. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, suka tsaya nan su ɗan huta, hutun da har yau ba a gama ba. Ni a lokacin na shekara biyu da gama karatu a Madani. Turanci na karanta, ina zaune gida da takarda a cikin jaka, babu wanda ya taɓa cewa in nuna masa ita. Saboda haka da likita ya ce sai an riƙa yi wa Yaya wankin ƙoda sau biyu a mako, ba a ma yi shawarar wanda zai riƙa kai shi ba. Kowa ya juyo ya dube ni.

Litinin da Alhamis ne. Bayan sallar asuba in ɗora shi a raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa bakin titi, mu jira hafila, wato bas, in yi ta roƙon mutane su bar masa wajen taga. Awa huɗu yana kwance na'ura na juya jininsa, ni ina waje a gindin darbejiya tare da sauran masu jinya, mun san juna har mun gaji da gaisawa. A hanyar dawowa ya yi amai sau ɗaya ko biyu, in riƙe masa leda, in ba fasinjoji haƙuri. Shekara ɗaya da 'yan watanni na yi ina wannan. Ba zan yi wa kaina ado ba, tun a wata na uku na gaji, irin gajiyar da barci ba ya cire ta.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma ban san sana'ar da bai taɓa ba. Ya yi tsintar auduga, ya yi kamun kifi a ƙasan dam na Sinnar, ya buga jan bulo a bakin kogi wajen Sinja, ya yanki riɗi a gonakin damina na kudu, ya saƙa gadon igiya da muke kira angarib, ya tuƙa raksha a Madani, a Jidda kuma ya koyi haɗa wayar wuta. Duk abin da ya sa wa hannu sai ya iya shi daidai gwargwado, da ya iya kuma sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta gaji da jiran mutumin da kullum yana wani gari. Baba kuwa ya shekara arba'in a kan hawasha ɗaya, wato gonar da hukumar noma ta ba shi, kuma yana da magana ɗaya da yake jefa wa Yaya duk dawowa: "Ka taɓa komi, ba ka riƙe komi ba." A wannan dawowar bai faɗa ba. Ya dubi ƙafafun, ya dubi kwamfutar, ya fita. Yaya ya ce mini ya fi son a ce ya faɗa.

A cikin kwamfutar akwai wani wasa da ya fara a can, ranakun Juma'a in babu aiki. Ana ba ka mutum ɗaya, daga shi sai bante da sanda, a sake ka a wata ƙasa ta duwatsu da kangaye, ka yi ta tafiya kana faɗa da 'yan fashi da dodanni. Duk sa'ar da mutumin ya ƙara mataki sai a ba ka maki, kai za ka zaɓi inda za ka zuba: takobi, mashi, baka ko gatari. Yanzu hannun Yaya na hagu, inda ake soka allurar wanki, an hana shi wahalar da shi, na dama kuma rawa yake yi. Ga wasan da Turanci, shi kuwa Turancinsa bai wuce na jikin kwali ba. Sai na zama hannunsa, na zama tafintansa. Yana kwance a angarib jingine da matashi uku, ni ina kan kujera, fanka na kaɗa mana iska mai zafi, daga azahar zuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Ranar farko na karanta masa abin da wasan da kansa ya rubuta, cewa jarumi ya zaɓi makami ɗaya ya ƙware a kai, wanda ya rarraba makinsa zai sha wuya a gaba.

"Wa ya rubuta wanga?" ya ce.

"Masu wasan."

"Sun taɓa noma?"

Na ce ban sani ba.

"Ba su taɓa ba, ya ustaz. Zuba ma mashi. Wancan karon takobi anka ba."

Ustaz yake kirana in yana son ya tsokane ni da karatuna. Sannan ya yi mini bayanin da na sani tun ina tsoron shiga tur'a. Gonar Jazira ba a shuka mata abu ɗaya. Bana auduga, baɗi alkama, sannan gyaɗa, sannan dawa, a shekara ta biyar a bar ta bur, wato ta kwanta babu shuka ta huta. Dawra ke nan, kuma duk manomin da ya karya ta, ƙasa za ta rama. Haka ya raba makin jaruminsa tun a Jidda, bi da bi, ba ya fifita wani makami a kan wani.

"Hawashar Baba abu huɗu takan yi, ana ce mata ƙasa mai albarka," ya ce. "Ni na yi abu bakwai, anka ce ba ni da kan gado. Kai kuma ka zuba makinka duka ga Turanci, ga ka zaune kana kora mini ƙuda."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na tashi na ba shi ruwa, kurɓi biyu, don ruwan ma awo ake yi masa.

Yana da wata ƙa'ida kuma, ita ce ajiye iri. Kafin duk wani babban faɗa, ko kafin a canza wani abu a jikin jarumin, sai ya sa na adana wasan a wuri na biyu, yadda Baba ke ware zangarniya masu kyau ya rataye a rufin ɗaki don shukar baɗi. "Ajiye iri tukun," zai ce, ko da ina tsakiyar sauri. Na yi ta yi har hannuna ya saba, ba sai an ce ba.

Gaskiya watannin farko sun yi daɗi. Jarumin ya yi kyan gani, takobi a kugu, gatari a ɗaya gefen, mashi da baka a baya, yana tafiya yana ƙara kamar mai tallan kayan maƙera. Ƙananan abokan gaba ba su ba mu wuya ba, kowanne muna da abin da za mu tarye shi da shi. Kuma kowane makami da labarin da yake tono wa Yaya. In na ɗaga mashi sai ya tuna wani kifi da ya kusa jawo shi cikin kogi. In gatari ne, sai itacen da suke farfasawa su gasa bulo, da yadda zafin wutar ya ƙone masa gira. Ni da na tashi ina ganinsa sau ɗaya ko biyu a shekara, da jaka a kafaɗa, a waɗannan ranakun ne na san yayana. Wani lokaci Inna ta kawo shayi ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, ta ce wannan labarin ita ma ba ta taɓa ji ba.

Sai muka iso gada. Doguwar gadar dutse ce a kan wani rami mai zurfi, babu wata hanya sai ita. A tsakiyarta akwai wani ƙato sanye da sulke daga kai har ƙafa, garkuwa a hagu, guduma a dama. Jaruminmu yana saransa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shi kuwa in ya sauke guduma sau uku an gama, allo ya yi baƙi, mu koma farkon gada. Mako na farko muna dariya. A na uku babu mai dariya.

Yaya yana da tsarinsa, kuma bai taɓa canza shi ba. Daga nesa a yi baka, a auna ramin ido na kwalkwali. In ya matso a soke gwiwa da mashi. Gatari a kan garkuwa, takobi in ya buɗe jiki. Sannan a ja da baya, a bar jarumi ya yi numfashi har layin ƙarfinsa ya cika, a sake daga farko. Wannan ja da bayan shi ne yake ta yi mini ihu a kai.

"Bur, ustaz! Bur! Ja baya shi huta! Biraha, ya zol, sannu-sannu, kai mutum!"

Ni kuwa da na ga ƙaton ya ɗan yi tangaɗi sai in afka masa, in gama in huta. Ƙarfin jarumin ya ƙare a tsakiyar sara, guduma ta sauko. In ce makaman ne ba su da ƙarfi saboda an yi musu rabon gado. Ya ce hannuna ne ba shi da haƙuri. Mun yi wannan musun har na haddace amsoshinsa.

Wata Litinin muna dawowa a hafila, kansa a kafaɗata, na ɗauka barci yake. Sai ya yi magana, idonsa a rufe.

"Ina son in ga ya haye gadar ga."

Na ce zai haye in sha Allahu.

"Da huɗun duka, ka ji ko. In ya haye da huɗun, to ba banza nay yi ba."

Na dubi gonaki suna wucewa ta taga, haushi ya kama ni. Ga jinya, ga Baba da ba ya magana, ga Inna da ke kuka a bayan ɗaki tana cewa hayaƙi ne, yanzu kuma an ɗora mini rayuwar mutum sukutum a kan yatsu an ce in haye gada da ita. Ina son Yaya, Allah ya sani. Amma a ranar so nake abin ya ƙare, kuma in na ce wasan kaɗai nake nufi na yi ƙarya.

A cikin wasan, kafin a kai gada, akwai wata bukka da wata tsohuwa a ciki. In ka shiga takan ce za ta iya sa jarumi ya manta duk abin da ya koya, a mayar masa da makinsa ya sake zubawa inda yake so, amma sau ɗaya tak. Ranar da muka fara shiga, Yaya ya tambaye ni me take cewa, na ce masa magani take sayarwa. Tun ranar na san abin da zan yi, jan lokaci kawai nake.

Ranar Alhamis bayan wanki yakan yi barci kamar an zare masa laka, ko ganga aka buga ba ya ji. A wannan Alhamis ɗin ba a ɗauke wuta ba. Na rage sauti, na ajiye iri ba tare da na ma yi tunani ba, na shiga wurin tsohuwar. Na kwashe makin mashi da na baka da na gatari, aikin da ya fara tun a ɗakin haya a Jidda, na juye duka a kan takobi. Ban yi minti biyar ba. Makaman suna nan rataye a jikin jarumin yadda suke, daga waje ba ka ganin komai. Na kashe kwamfutar na tafi gona na taya Baba buɗe ruwa, abin da na daɗe ban yi ba.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a muka zauna. Na yi niyyar in ja faɗan ya daɗe don kada ya gane, amma takobin bai ba ni dama ba. Sara na farko ƙaton ya ja da baya. A na huɗu garkuwar ta tsage. A na bakwai ya durƙusa, ya kife, gada ta girgiza. Yaya ya yi kabbara da muryar da na manta yana da ita. Inna ta shigo a guje da ƙullu a hannu tana salati, ta ɗauka wani abu ne ya same shi.

"Ya haye, Inna! Ya haye!"

Ba ta san wa ya haye me ba, amma ta ga ɗanta yana dariya. Ta yi 'yar guɗa a hankali, ta share ido da bayan hannu, ta fita. Na tuƙa jarumin zuwa ƙarshen gada, ina jin sauƙi da kunya a haɗe. Can sai na ji dariyar ta tsaya.

"Ba ka taɓa mashi ba," ya ce.

"Ba a buƙace shi ba, Yaya."

"Ba ka yi bur ba ko sau guda."

Na ci gaba da tuƙa jarumin kamar ban ji ba.

"Jawo baka. Harbi iccen can."

Na jawo. Jarumin da ke sauko da tsuntsu daga sama ya ja tsarkiya da ƙyar, kibiyar ta faɗi taku uku a gabansa. Wasan ya rubuta wani abu a ƙasan allo. Yaya bai ce in fassara ba.

Na fara bayani bakina na gudu: tsohuwar nan ce, iri yana nan, babu abin da ya ɓace, yanzun nan zan mayar. Ya ɗaga hannun daman nan mai rawa ya tsayar da ni. Na so ya zage ni. Yaya ya iya zagi da harshe biyu, da ya yi da na samu abin da zan riƙe.

"Ma'alish, ba komi," ya ce. "Wata guda muna bugawa da huɗu bai haye ba. Da guda ya haye yanzu-yanzu. Ashe Baba na da gaskiya."

"Ba haka ba ne, Yaya, ni ne ban..."

"Kalas, shi ke nan, ustaz. Kashe. Ka gaji."

Ya juya ya fuskanci bango. Na kashe, na zauna ina jin ƙarar fanka.

Ya ƙara wata biyu da 'yan kwanaki. Sau uku na ce mu koma kan irin, sau uku ya ce a bari sai ya ji sauƙi. Bai yi fushi da ni ba. Ya ma fara gode mini duk sa'ar da na riƙe masa leda, abin da da ba ya yi, kuma godiyar nan ta fi mini mari zafi. Inna ta mayar wa kwamfutar bargonta, ta riƙa ɗora tiren shayi a kai. Ya rasu wata Litinin da safe, lokacin tsintar auduga, a cikin raksha, kafin mu kai bakin titi. Kansa yana kafaɗata, nan ma na ɗauka barci yake.

Bayan an naɗe tabarmin makoki sai na rasa yadda zan yi da Litinin da Alhamis. In farka da asuba in fara neman leda da katin asibiti, sannan in tuna. Hutun da na yi ta roƙo ya zo, na rasa inda zan ajiye shi. Wata rana da azahar na ɗauke tiren, na yaye bargon, na buɗe irin. Ga jarumin Yaya a farkon gada da makamansa huɗu, kowanne da rabonsa daidai.

Ba don in tabbatar da wani abu na fara ba, zaman ne ya ishe ni. Kuma yanzu babu inda nake sauri. Na yi baka daga nesa, na soki gwiwa da mashi, na sauke gatari a kan garkuwa. Da ƙaton ya yi tangaɗi yatsana ya zabura zai afka, sai na tuna ihun nan, na ja da baya. Na tsaya ina kallon layin ƙarfi yana cika a hankali, ƙaton yana takowa. Ya kashe ni a ranar, ya kashe ni washegari da wadda ta biyo. A rana ta shida na zagaya dawrar har na daina lissafi, faɗan ya kai kusan rabin awa, yatsuna suka sandare. Garkuwar ta tsage a ƙarƙashin gatari. Kibiya ce ta kayar da shi, ta shiga ta ramin kwalkwali, daidai inda Yaya ya yi wata guda yana nuna mini.

Kwana shida. Abin da ya rage ke nan tsakaninsa da abin da ya roƙe ni, ni kuwa na kasa ba shi. Ya tafi da abin da na nuna masa, alhali tsarinsa daidai ne tun farko. Na waiga don in ce masa ya haye, wallahi na waiga. Sannan na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Da la'asar ta kusa na fito na tarar da Baba a rumfar ƙofar gida, zaune a kan angarib yana gyara ƙotar fartanya. Ban san abin da ya sa na faɗa masa ba, babu wani ne kawai.

"Baba, jarumin Yaya ya haye gadar."

Na ɗauka zai ce wace gada. Ashe duk watannin nan ta taga yana jin ihun da muke yi.

"Da guda, ko da huɗun?" ya ce, bai ɗago kai ba.

"Da huɗun."

"Ya sani?"

"A'a."

Ya ajiye fartanyar. Ya daɗe yana shafa igiyar angarib ɗin da yake zaune a kai. Saƙar Yaya ce tun kafin ya tafi Jidda, har ranar ba ta saki ba. Ya dubi katangar gidanmu ta jan bulo, wanda Yaya ya buga da hannunsa a Sinja ya kawo a bayan mota.

"Ni ma ban gaya mai ba," ya ce.

Aka kira salla. Ya laluba takalminsa da ƙafa, ya miƙo mini hannu in tashe shi, muka kama hanyar masallaci.